Zancen Kasuwa: Yadda jiran tashin farashi ke canza halin mutum

  A wannan wata za mu yi magana a kan wata irin kasuwa da ke ƙara shiga ƙauyukanmu, da abin da take yi wa halin mai yin ta.

Kasuwa iri biyu ce. Akwai wadda muka gada. Mutum ya kai akuya kasuwar Mirya ran Lahadi, ya sayar, ya auni hatsi, ya sayi gishiri, ya koma gida. Akwai kuma ta biyu, inda mutum bai da buƙatar abin da ya saya. Tashin farashi kawai yake jira. Ya sayi naira don ya sayar in ta hau. Ya tara buhunan hatsi da kaka don ya fitar da damina. Yanzu ma samari na yin ta cikin salula. Suna sayen dalar Amurka ko zinari ko kuɗin intanet da ba su taɓa riƙewa a hannu ba.

Wannan sana'a ba baƙuwa ba ce a Damagaram. Bisashenmu na tafiya Maigatari, wakenmu na tafiya Dawanau ta Kano. Ba don ƴan canjin Magarya da Matamai da birnin Damagaram ba, da wanda ya sayar da sa da naira bai san inda zai sami sefa ba. Sana'ar kuma tana koya wa mutum lissafi da sauraren labari da haƙuri.

Amma kasuwa ce da ke juyawa dare ɗaya. A watan Afrilu na 1984 Najeriya ta canza launin takardun naira, ta rufe iyakarta. Ƴan kasuwa da yawa a nan suka tashi da tsofaffin takardu da ba su sayen komai. Ran 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar sefa rabi da rabi. A farkon Yuni 2023 dalar Amurka ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, kafin ƙarshen Fabrairu 2024 ta haura 1,500. Wanda ke kwana yana tashi cikin irin wannan hawa da sauka, halinsa ba ya zama yadda yake. Ga abubuwa huɗu da aka fi gani.

Na farko, hankalinsa ba ya kwanciya. Manomi yana jiran amfanin gona wata uku ko huɗu. Mai jiran farashi kuwa kowace sa'a da labarinta. Yana cin tuwo yana duban salula. Barcinsa ya ragu, faɗa da iyali ya ƙaru. Wannan ba rashin tarbiyya ba ne kawai, abin yana taɓa jiki. A 2008 masana na jami'ar Kambirij ta Ingila suka auna yawun ƴan kasuwar hada-hadar kuɗi 17 a birnin Landan. Suka ga cewa in farashi ya shiga tangal-tangal, sinadarin da jiki ke fitarwa lokacin fargaba yana ƙaruwa sosai.

Na biyu, ribar farko tana sa girman kai. Mutum ya sayi buhu biyar, farashi ya hau, ya ci riba. Sai ya ɗauka wayonsa ne, alhali sa'a ce ya taka. Baɗi sai ya ce buhu hamsin zai saya. Jarin bai kai ba, sai ya sayar da saniyar da ke haihuwa. In dattijo ya ja masa kunne, ya ce tsoho bai san zamani ba.

Na uku, hasara tana sa ɓoye gaskiya. Masana halin ɗan Adam sun daɗe da gano cewa zafin ɓatar jikka ɗaya ya kusa ninka daɗin samun jikka ɗaya sau biyu. Shi ya sa wanda ya faɗi ba ya son tsayawa. So yake ya rama nan take. Ya ci bashi, ya jinginar da gona, uwargida ba ta sani ba. Garin neman gira sai a rasa ido. Wannan hali bai bar manyan ƴan boko ba. A 1995 wani ma'aikacin bankin Barings na Ingila, mai suna Nick Leeson, ya yi ta ɓoye hasararsa yana ƙara zuba kuɗi don ya rama. Hasarar ta kai fam miliyan 827. Bankin da ya shekara fiye da 230 ya rushe.

Na huɗu shi ne mafi muni, domin yana taɓa zumunci. Idon mutum yana canzawa. Duk gari na duban gabas ana roƙon ruwa, shi kuwa mai buhuna a ajiye ya san in ruwa ya ɗauke, kuɗinsa ne ya hau. Ba ya faɗa da baki, amma zuciyarsa ta rabu da ta maƙwabta. Mun ga haka a 2005, bayan fari da fara na 2004. Buhun hatsi ya haura jikka 25 a kasuwanni da yawa. Wasu suka riƙe nasu suna jiran ƙari, ƴan'uwansu na cin ganye. Da sabon hatsi ya shigo, farashi ya sauko. Amma har yau mutane ba su manta da wanda ya buɗe rumbu da wanda ya rufe ba.

Ta cikin salula ta fi haɗari, domin ba a ganin abokin ciniki, ba a kuma rufe kasuwar da magariba. A 2018 hukumar da ke kula da irin waɗannan kasuwanni a Turai ta ce cikin ƙananan masu wannan ciniki 100, tsakanin 74 da 89 hasara suke yi. Ga kuma mayaudara masu alkawarin ninka kuɗi. MMM ta rufe kuɗin mutane a Najeriya a Disamba 2016. CBEX ta yi haka a Afrilu 2025. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

To, mene ne abin yi? Ba mu ce kowa ya bar kasuwa ba. Amma wanda zai shiga, ya riƙe waɗannan:

1. Cimakar gida ta shekara, da iri, da bisashe mata masu haihuwa, ba jari ba ne. Kada a taɓa su.
2. Kada a yi wannan ciniki da kuɗin bashi.
3. Tun kafin ka saya, ka yanke farashin da za ka sayar, da iyakar hasarar da za ka iya ɗauka. In ta kai nan, ka tsaya.
4. Tunda ka koyi rubutu, ka rubuta kowace riba da kowace hasara a littafi. Zuciya tana tuna riba ta manta hasara, takarda ba ta mantuwa.
5. Ka sami mutum ɗaya, uwargida ko babban wa ko amini, wanda kake nuna wa littafin nan. Ranar da ka ji kana son ɓoye masa, ranar ce ya kamata ka huta.

Ku kuma iyaye da ƴan'uwa, in kun ga ɗanku ya daina barci, ya rage zuwa gaisuwa, ya fara tambayar kuɗin kowace dabba a garke, ku zauna da shi tun da wuri. Kada ku jira sai mai bashi ya yi sallama.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba tukuna. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.