A Gwada Magani, Amma da Mu a Zaure

Jama'ar Abuja, daga Nyanya zuwa Gwagwalada, daga Kubwa zuwa Kuje da Abaji, ku ba ni aron hankalinku. A shekarar 2024 aka fara gwajin rigakafin zazzaɓin Lassa mataki na biyu a nan garinmu, ƙarƙashin jagorancin ƙungiyar IAVI, ana kuma yin sa a Laberiya da Ghana. Wannan ita ce cutar da aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno tun 1969. Ɓeraye ke yaɗa ta, duk rani tana ɗauke mana mutane har da likitoci da ma'aikatan jinya, kuma ba ta da rigakafin da aka amince da shi. Mu nawa muka ji labarin gwajin? Mu nawa muka je muka tambayi yadda ake yin sa?

Na san abin da ke ran da yawa daga cikinmu, kuma ba na ganin laifin kowa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana da ke Kano. Yara kusan 200 aka saka a gwajin, 11 suka rasu, wasu suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya musanta laifi, ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, labarin Trovan na cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi, kuma yaranmu ne suka biya kuɗin wannan tsoro da ƙafafunsu.

To amma gudun me ya tsare mana? Magani ba ya saukowa daga sama a gwaje. Sabon rigakafin sanƙarau mai kare nau'i biyar, wanda Najeriya ta riga kowace ƙasa fara amfani da shi a 2024, a jikin mutanen Mali da Gambiya aka gwada shi. Su suka miƙa damtse, mu muka amfana. Abin da ya ɓata gwajin Kano shi ne ba a sa iyaye a cikin shawara ba. Saboda haka mu shiga tun kafin a buɗe kwalba, mu zauna inda ake yanke shawarar.

Kuma ƙofar tana nan. A ma'aikatar lafiya ta tarayya akwai kwamitin ƙasa na ɗa'ar binciken lafiya, NHREC, da ƙa'idojinsa na 2007, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta ƙara masa ƙarfi. Ba a gwada magani sai da izinin NAFDAC. Kwamitocin ɗa'a na asibitoci, irin na Babban Asibitin Ƙasa da na koyarwa da ke Gwagwalada, ƙa'ida ta ce a samu wanda ba masanin kimiyya ba a cikinsu. Wa ke zaune a wannan kujera? Ya kamata ta zama ta wanda ya san zafin abin: uwar da ta kwana a tsaye kan ɗanta mai sikila, ko limami ko fasto da jama'a ke jin maganarsa.

Kada wani ya ce talaka ba shi da abin kawowa. A Idu, cibiyar NIPRD ta samar da Niprisan, maganin rage tashin ciwon sikila, kuma asalinsa haɗin wani mai maganin gargajiya ne, Rabaran Paul Ogunyale. A ciki akwai masoro da kanumfari da karan dafi, kayan da kowace uwar gida ta sani. Ilimin ya fito daga jama'a, masana suka auna shi, marasa lafiya suka yarda aka gwada. A ƙasar da ake haifar jarirai kusan 150,000 masu sikila duk shekara, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Don haka idan an zo unguwarku da takardar neman yarda, kada ku kore su, kada kuma ku dangwala yatsa a makance. Ku ce a karanta muku da Hausa ko Gbagyi ko harshen da kuke ji. Ku tambayi wa ya ba da izini, wa ke biyan kuɗi, ina za a kai jinin da aka ɗiba, wa zai ɗauki nauyin jinya idan an samu illa. Ku sani kuna da damar cewa a'a, kuna da damar fita ko an yi nisa, kuma ba a isa a hana ku kulawar asibiti saboda haka ba.

Masu unguwanni da hakimai, ƙungiyoyin masu sikila da masu ɗauke da ƙanjamau, matan Islamiyya da na coci, ku zaɓi wakilanku, ku rubuta wa asibitocin nan ku nemi gurbi. Ku kuma masu bincike, ranka ya daɗe ba ta wadatar ba: ku zo tun kuna tsara tambayoyinku, ba sai kuna neman jini ba. Idan kun gama, ku dawo dandalin da kuka ɗebi mutane ku faɗa musu sakamakon baki da baki, ku faɗa musu nawa za a sayar musu da maganin.