Amurka: sharuɗɗan shiri da rahoto da aka gindaya wa jahohi a kan kuɗin horon ma'aikata

A watan Maris na shekara ta 2024 gomnonin jahohi 50 na ƙasar Amurka suka aika wa gomnatin tarayya a birnin Washinton da takardun shirinsu na shekara huɗu, daga 2024 zuwa 2027, dangane da horon ma'aikata da sama wa marasa aiki abin yi. Wannan shi ne karo na uku da suka yi haka, bayan na 2016 da na 2020. Jahar da ba ta aika da nata ba, ko kuwa aka duba aka ƙi amincewa da shi, to, rabonta na kuɗin horo yana cikin haɗari. Kuɗin kuwa ba kaɗan ba ne: asusu uku kaɗai, watau na manya da na matasa da na waɗanda aka sallama daga aiki, sun kai kusan miliyar 3 a shekara, na dalar Amurka, ba dalarmu mai tamma biyar ba.

Dokar da ta wajabta wannan aiki ita ce wadda ake taƙaita sunanta da haruffan WIOA, wadda shugaba Barak Obama ya sa wa hannu ran 22 ga watan Yuli na 2014. A majalisar wakilai mutum 415 suka yarda da ita, 6 suka ƙi. A ta dattawa 95 suka yarda, 3 suka ƙi. Irin wannan haɗin baki abu ne mai wuyar samuwa a siyasar ƙasar, kuma dalilinsa shi ne kowane ɓangare ya ga abin da yake so a ciki. Masu son gomnati ta taimaki talaka sun samu kuɗin, masu tsoron almubazzaranci sun samu lissafin.

Tsoron nan yana da tarihi. Dokar CETA ta 1973 ta ba birane da ƙananan hukumomi kuɗi su ɗauki marasa aiki kai tsaye, har a 1978 waɗanda ake biya ta wannan hanya suka zarce 700.000. Sai aka yi ta ƙorafin cewa wasu magadan gari suna biyan ma'aikatansu na da ma da kuɗin, wasu kuma suna raba guraben ga ƴan barandansu. A 1982, zamanin Ronal Regan, aka maye gurbinta da dokar JTPA, wadda ta daina biyan albashin irin wannan aiki, ta shigo da ƴan kasuwa cikin kwamitoci, ta kuma kafa ma'aunin sakamako: mutum nawa suka samu aiki bayan horo, kuma nawa ake biyansu. Dokar WIA ta 1998 ta kai ma'aunan har 17. Ita ce WIOA ta gada.

Abu na farko da dokar take nema shi ne shiri guda. A da kowane ofishi yana rubuta nasa, kowa na kallon gabansa. Yanzu dole gomna ya haɗa tsare-tsare shida cikin takarda ɗaya: asusu ukun da muka ambata, da karatun manya wanda mu muke kira yaƙi da jahilci, da ofisoshin neman aiki da aka kafa tun dokar 1933, da kuma horon naƙasassu don su iya riƙe sana'a. In ya so yana iya ƙara wasu, kamar makarantun koyon sana'a, ko taimakon iyalai matalauta, ko horon tsofaffin sojoji. Dokar ta raba kula da tsare-tsaren tsakanin ma'aikatar ƙwadago da ta ilimi, kuma ta ba su kwana 90 su duba shirin jaha. In kwanakin suka cika ba su ce uffan ba, an amince ke nan. Bayan shekara biyu kuma sai jaha ta sake duba shirinta ta gyara.

Cikin shirin akwai ɓangaren nazari da ɓangaren aiki. A na nazari jaha za ta bayyana sana'o'in da ake nema a ƙasarta da waɗanda suke dusashewa, da ilimin da masu neman aiki suke da shi, da giɓin da ke tsakanin biyun. A na aiki za ta faɗi yadda za ta raba kuɗi, da wanda zai yi me, da yadda na'urorin ofisoshi daban-daban za su riƙa musayar bayani. Gomna ba shi kaɗai yake rubutawa ba. Akwai kwamitin jaha wanda dole mafi yawan wakilansa su zama masu kamfani, shugabansa ma daga cikinsu, kuma dole a baza daftarin ga jama'a su faɗi ra'ayinsu. Daga nan kowane yanki, kuma yankunan sun haura 500 a faɗin ƙasar, sai ya rubuta nasa shirin na shekara huɗu bisa ga na jaha. Mu da muka san shirin shekara biyar na 1979 zuwa 1983 a nan Nijar, wannan hawa-hawa ba baƙo ba ne gare mu. Bambancin shi ne can an ɗaure kowane hawa da igiyar kuɗi. Gomna yana iya riƙe kashi 15 cikin ɗari don ayyukan jaha baki ɗaya, yanki ba zai kashe fiye da kashi 10 a kan tafiyar da ofis ba, kuma daga kuɗin matasa da ya isa yanki dole kashi 75 ya tafi ga waɗanda suka bar makaranta, masu shekara 16 zuwa 24.

Amma takardar shiri, ko da ta kai shafi ɗari-ɗari kamar yadda na jahohi da dama suke kaiwa, ba ita ce ke hana manyan ma'aikata barci ba. Rahoto ne. Shekarar aiki tana farawa ran 1 ga Yuli, ta ƙare ran 30 ga Yuni, kuma ran 1 ga Oktoba dole alƙaluman jaha su isa Washinton. Ma'auni shida ne. Cikin waɗanda suka fita daga tsarin, nawa ne suke da aiki a rubu'in shekara na biyu bayan fitarsu, nawa ne a rubu'i na huɗu, kuma nawa ne albashin na tsakiyarsu in an jera su daga mai ƙarami zuwa mai babba. Sa'an nan nawa suka samu takardar shaida cikin shekara guda da fita, nawa suka nuna ci gaba a karatu ko sana'a tun suna ciki, da kuma amfanin da masu kamfani suka samu. Wannan na ƙarshe ya ba hukumomi wahala, don sai a 2024 aka tsai da ma'anarsa: ko wanda aka ɗauka yana nan wurin ubangida ɗaya a rubu'i na biyu da na huɗu.

Jaha ba ta rubuta abin da ta ga dama. Kowane kamfani a Amurka yana kai wa asusun inshorar rashin aiki sunayen ma'aikatansa da albashinsu kowane wata uku, to da wannan rajista ake gwada sunayen waɗanda aka horar. Ta haka malamin horo ba shi da hanyar cewa ɗalibinsa ya samu aiki alhali yana zaune gida. Wannan, a ganina, shi ne mafi ƙarfi a cikin tsarin duka. Amma rajistar tana da makantarta: mai sana'ar kansa ba ya cikinta, haka soja da ma'aikacin tarayya, wanda kuma ya ƙaura wata jaha sai an bi shi ta yarjejeniyar musayar bayani. Mutumin da aka koya wa walda ya buɗe rumfarsa yana ci da iyali, in ba a bi sawunsa da wasiƙa ko waya ba, a takarda marar aiki ne. Wanda duk yake sha'awar kwaikwayon wannan ma'auni a ƙasar da mafi yawan masu sana'a ba su da takardar albashi, kamar tamu, sai ya fara tunani daga nan.

Kafin shekara ta fara, jaha da tarayya sukan zauna su yi ciniki a kan matakin da za a cim ma. Bayan ta ƙare sai a gyara matakin da wani lissafi mai la'akari da yawan rashin aiki a jahar da irin mutanen da aka karɓa: marasa matsuguni, waɗanda suka fito daga kaso, waɗanda ba su iya Ingilishi sosai ba, da makamantansu. Jahar da ta kasa kai rabin matakin a ma'auni guda, ko kashi 90 cikin ɗari a jimla, a shekarar farko taimakon ƙwararru za a ba ta. In ta sake kasawa shekara ta biyu a jere, sai a zabge kashi 5 cikin ɗari daga rabon da gomna yake riƙewa. Wadda ta ƙi kawo rahoto a kan lokaci, ko ta kawo shi da giɓi, ita ma hukuncin zabgewar yana jiranta.

Me ya sa aka shigo da wannan lissafi na gyara? Don an sha wuya a baya. Zamanin JTPA masana tattalin arziki, cikinsu har da Jems Hekman wanda ya samu kyautar Nobel a 2000, sun yi nazarin yadda ma'auni yake sauya halin ma'aikatan ofis. In an ce za a auna ka da yawan waɗanda suka samu aiki, hanya mafi sauƙi ita ce ka zaɓi waɗanda da ma za su samu ko ba ka taɓa su ba, ka bar masu rauni a bakin ƙofa. Can suna kiran wannan kwashe mai daga saman nono. Wasu masanan kuma sun nuna ofisoshi suna jinkirta ranar yaye mutum, ko su gaggauta ta, gwargwadon yadda za ta gyara musu alƙaluman shekara. A 2002 ofishin bincike na majalisa, GAO, ya ba da rahoton cewa a ƙarƙashin WIA ma ofisoshi suna ɗari-ɗari da rubuta sunan wanda suke tsoron zai ɓata musu lissafi. WIOA ta yi ƙoƙarin toshe waɗannan kafofi: yanzu ana ɗaukar mutum ya fita ne in ya yi kwana 90 ba a yi masa wata hidima ba, kuma karɓar masu rauni yana sassauta matakin da aka ɗora wa jaha. Sai dai ma'aikacin da ke zaune gaban mai neman aiki ba ya ganin wannan sassauci sai bayan shekara ta wuce, matakin da aka rubuta masa kuwa yana gabansa kullum.

Akwai kuma jinkiri, wanda a ganina ba a ba shi muhimmancin da ya kamata. Mu ɗauki mutumin da ya fita a watan Yuli na 2022. Rubu'insa na biyu shi ne Janairu zuwa Maris na 2023, na huɗu Yuli zuwa Satumba na 2023, sa'an nan a jira rajistar albashi ta iso. Sakamakonsa bai shiga rahoton shekara ba sai a Oktoba ta 2024, wata bakwai bayan gomnansa ya riga ya miƙa sabon shirin shekara huɗu. Watau mai rubuta shiri yana duban kasuwar aiki ta shekara biyu ko uku da suka wuce. Shirin 2020 ya fi kowane nuna wannan rauni, don an miƙa shi a daidai lokacin da annobar korona ta rufe kamfanoni, har rashin aiki ya haura kashi 14 cikin ɗari a watan Afrilu na shekarar, nazarin da ke cikinsa ya tsufa tun tawada ba ta bushe ba.

Babbar tambaya kuwa rahoton ba ya amsa ta. Yana faɗin nawa suka samu aiki, amma ba ya faɗin nawa za su samu da ba a horar da su ba. Don sanin wannan sai an yi gwaji na ƙuri'a, a ba wasu hidima a hana wasu, a kwatanta. An yi haka sau biyu. Gwajin JTPA, wanda sakamakonsa ya fito a farkon shekarun 1990, ya nuna ɗan ƙarin samu ga manya, amma bai nuna ƙari ga matasan da suka bar makaranta ba, kuma majalisa ta zabge mafi yawan kuɗin wannan ɓangare a 1995. Gwajin WIA, wanda aka yi a yankuna 28 da mutanen da aka rubuta tsakanin 2011 da 2013, ya nuna cewa zama da mai ba da shawara ido da ido yana ƙara samu, amma kuɗin horo bai ƙara ba cikin wata 30 da aka bi su. Yankunan nan duka suna kai rahotonsu na shekara a lokacin, kuma babu abin da ke cikin rahotannin da zai iya nuna wannan bambanci.

Sharuɗɗan ma ba duka ake riƙe su da ƙarfi ba. Dokar ta ba ministan ƙwadago ikon yafe wasu in jaha ta roƙa, kuma jahohi da yawa sun samu izinin sauke kashi 75 na matasan da suka bar makaranta zuwa 50. Haka sharaɗin da ya ce kowace makarantar da ke karɓar kuɗin horo ta ba da sakamakon dukan ɗalibanta, ba waɗanda gomnati ta biya wa kaɗai ba, an yafe wa jahohi da yawa shi na shekaru, saboda makarantun sun ce nauyin ya fi ƴan ɗaliban da ake turo musu, gara su fita daga jerin. Wannan sharaɗi kuwa shi ne wanda ya fi amfanar mai neman aiki kansa, don da shi ne zai san ko makarantar tuƙin babbar mota ko ta aikin jinya da yake shirin shiga tana kai mutane ga albashi.

Wa'adin kuɗin da dokar ta tsara ya ƙare tun 2020, majalisa ta ci gaba da zuba kuɗin shekara-shekara ba tare da ta sabunta ta ba. A watan Afrilu na 2024 majalisar wakilai ta amince da wani daftari da zai tilasta a kashe rabin kuɗin manya da na waɗanda aka sallama a kan horo kai tsaye, abin da kwamitocin yankuna suka yi kuka da shi, suna cewa zai ci kuɗin masu ba da shawara, waɗanda gwajin WIA ya nuna amfaninsu. An so a cusa daftarin cikin dokar kasafin kuɗi ta watan Disamba na 2024, aka cire shi a kwanakin ƙarshe, wa'adin wancan zaman majalisa ya cika bai zama doka ba.