Sharhi: Idan lauya ya yi sakaci da shari'arka, wa za ka kai wa kuka?

A ce manomi ne a wani kwari na yankin Gure, rigima ta haɗa shi da ɗan uwansa kan gonar dabino ta gado. An zauna gaban mai gari, an je gaban sarki, sulhu ya ƙi. Magana ta kai kotun Gure, alƙali ya yanke hukunci, bai yi masa daɗi ba. Sai ya sayar da sa guda, ya aika wa lauya kuɗi don a ɗaukaka ƙara a Damagaram. Wata ya wuce, wani ya bi baya, waya ba ta shiga. Ranar da ya tashi da kansa ya je, sai a ce masa wa'adi ya ƙare, ba a shigar da komai ba, ko kuma an kira shari'ar lauya bai halarta ba. To, gona ta tafi, sa ya tafi. Wa zai kai wa kuka?

Mu a nan mun saba cewa mu bar wa Allah. Amma doka ba ta ce a tsaya nan ba, kuma ya kamata mu san abin da ta ce.

Farko dai, nisa shi ne babbar matsalarmu. Mafi yawan lauyoyin Nijar a Yamai suke zaune, kuma daga Gure zuwa Yamai ya haura kilomita 1,000. Damagaram ma, inda kotun ɗaukaka ƙara take, tafiyar sama da kilomita 150 ce. Saboda haka galibi ta waya ake ɗaukar lauya, ko ta hannun wani ɗan uwa mai zama birni, a tura kuɗi ba rasit, ba takardar yarjejeniya. Wani lokaci ma wanda ya karɓi kuɗin ba lauya ba ne sam, ɗan kamasho ne mai yawo bakin kotu. Lauya na gaskiya sunansa yana cikin jerin da ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa take riƙe da shi, kuma kowa yana da damar tambaya kafin ya zaro kuɗinsa.

Sana'ar lauya tana da dokokinta. Akwai dokar ƙasa ta 2004, akwai kuma ƙa'ida mai lamba 05 da majalisar ministocin UEMOA ta amince da ita a watan Satumba na 2014, wadda ta daidaita aikin lauyoyi a ƙasashe takwas na ƙungiyar. Wasu na zaton wai tunda Nijar ta fita daga CEDEAO a Janairun 2025, waɗannan ƙa'idoji sun faɗi. Ba haka ba ne, domin ƙasarmu tana nan cikin UEMOA.

Sai dai mu fahimci abu guda tun da wuri: faɗuwa a shari'a kaɗai ba laifin lauya ba ce. Lauya kamar likita yake, bai yi alkawarin warkarwa ba, alkawarinsa shi ne ya yi aiki da hankali da ƙwazo. Idan ya yi duk abin da ya kamata, alƙali ya ga gaskiya tana wajen abokin shari'arka, ba ka da abin bi. Sakaci kuwa daban yake: barin wa'adin ɗaukaka ƙara ya wuce, ƙin halartar zama ba dalili, ɓatar da takardun da ka ba shi amana, yin sulhu da sunanka ba ka sani ba, ko riƙe kuɗin da kotu ta ce naka ne. Wa'adin nan ba shi da tsawo. A shari'ar laifi kwana 10 ne kacal, kuma idan ya wuce, da wuya ƙofa ta sake buɗewa.

Hanya ta farko ita ce kai koke ga shugaban ƙungiyar lauyoyi, wanda ake kira batoniye, a Yamai. A rubuce ake yi, tare da kwafin duk wata shaida. Shi ne ke fara duba saɓani kan kuɗin aiki, kuma ta nan ake bi a kai lauya gaban majalisar ladabtarwa. Horon yana iya zama gargaɗi, ko tsawatarwa, ko dakatarwa na wani lokaci, ko kuma a soke sunan mutum daga sana'ar gaba ɗaya. Amma mu lura, ladabtar da lauya ba ya mayar maka da gonarka, kuma ba ya biyan ka asararka.

Neman diyya sai a kotu, wannan ita ce hanya ta biyu. Dokar hulɗar jama'a da muka gada daga Faransa ta ce wanda aka wakilta kan wani aiki, shi ke ɗaukar nauyin kuskuren da ya yi a ciki. Abu uku ake so ka tabbatar: lauya ya yi kuskure, ka yi asara, kuma kuskuren ne ya jawo asarar. Na ukun nan shi ne mai wuya. Alƙali zai tambaya, da an ɗaukaka ƙarar a kan lokaci, anya da ka ci? Idan hujjarka dama ba ta da ƙarfi, diyyar ƴar kaɗan ce ko babu. Idan kuwa kana da shaidu da takardar hukumar kula da filaye ta Kofo, to damar da ka rasa babba ce, kuma gwargwadonta ake auna diyya. Dokokin sana'ar sun tanadi inshora don irin wannan ranar, sun kuma tanadi asusu na musamman, CARPA, inda ya kamata kuɗin mutane su bi maimakon aljihun lauya.

Hanya ta uku ta shafi wanda ya cinye kuɗin amana da gangan. Wannan ya wuce sakaci, cin amana ne, kuma ana iya kai shi gaban mai shigar da ƙara na gwamnati kamar kowane ɗan ƙasa.

A takarda duk wannan ya yi kyau. A ƙasa fa? Wanda ya sayar da sa don shari'ar farko, da me zai yi ta biyu? Kuma lauyoyin ƙasar nan ba su da yawa, kusan duk sun san juna, ba kowa ne zai so ya tsaya a kotu kan abokin aikinsa ba. Ga takardun duk da Faransanci, alhali mai koken Hausa yake ji ko Barbarci ko Fulatanci. Gwamnati ta kafa hukumar ANAJJ ta dokar 2011 don taimaka wa marasa ƙarfi da shawara da kuma mai kare su, kuma ya dace mutanenmu su riƙa tambayar ta a kotu. Amma mutum nawa ne a Kelle ko Bune suka taɓa jin sunanta?

Ba muna ɓata sunan lauyoyi ba ne. Da yawansu suna aiki tsakani da Allah, wasu ma suna kare talaka kyauta. A watan Agustan 2025, da aka rusa ƙungiyoyin ƙwadago na ma'aikatan shari'a, lauyoyi sun shiga yajin aiki da sunan kare ƴancin shari'a. To, ƙungiyar da ke neman jama'a su yarda da ita a irin wannan rana, ita ma ya kamata ta sauƙaƙa wa ɗan ƙauye hanyar kai kokensa. Me zai hana a samu wurin karɓar koke a Damagaram, a sanar da lambar waya ta gidajen rediyo cikin harsunanmu, a kuma riƙa bayyana adadin koken da aka karɓa kowace shekara da yadda aka ƙare da su?

Kafin nan, rigakafi ya fi magani. Kada mu ba da ko dala ba rasit. A rubuta abin da lauya zai yi da nawa za a biya. Mu riƙe asalin takardunmu, mu ba da kwafi. Ranar da aka yanke hukunci, mu tambayi magatakardan kotu kwana nawa ya rage na ɗaukaka ƙara, mu rubuta ranar. Idan lauya ya ce ya shigar, mu nemi ganin takardar shaida. Idan kuma wa'adi ya matso shiru, mu je ofishin magatakarda da ƙafarmu mu bincika tun lokaci bai ƙure ba.