Raddi Ga Masu Cewa Yariman Faransa Bai Mutu A Kurkuku Ba

Har gobe akwai masu dagewa cewa Louis na 17, ɗan Sarki Louis na 16 da Marie Antoinette, bai rasu a kurkukun Temple da ke Paris ranar 8 ga Yuni 1795 ba. Wai an sulale da shi aka ajiye wani yaro a madadinsa, kuma wai shi ne Naundorff, Bajamushe mai gyaran agogo da ya mutu a Delft a 1845. Wannan da'awa tana min ciwo. Yaro ɗan shekara 10, an fille kan ubansa da uwarsa, tarin fuka ya cinye shi a kulle, sannan a zo a hana shi ko da mutuwarsa?

Sun ce an rubuta sunan sarauta a kabarin Naundorff. To, rubutun kabari faɗar masu binnewa ce kawai. An gwada ƙashin hannunsa, sakamakon ya fito a 1998, ƙwayoyin gadonsa ba su dace da na dangin sarauniyar ba.

Sun ce ƙasusuwan da aka tono a maƙabartar Sainte-Marguerite a 1846 da 1894 na matashi ne. Haka ne. Amma an binne yaron ba tare da alama ba, don haka iyakar abin da tonon ya nuna shi ne an buɗe kabarin wani.

Ga kuma zuciya. Likita Pelletan, wanda ya binciki gawar yaron da ya mutu a kurkuku, ya ɗauke zuciyar a ɓoye, ya naɗe a hankici, ya tsoma ta cikin barasa don kada ta ruɓe. A 2000 masana biyu, Cassiman a Beljiyam da Brinkmann a Jamus, kowa a ɗakin gwajinsa, suka auna a zuciyar irin ƙwayar gadon da ake samu ta wajen uwa kaɗai. Ta yi daidai da ta dangin Marie Antoinette, har da Sarauniya Anne ta Romaniya.

Nan ne suka kawo hujjarsu mafi nauyi: ai yaron yana da wa, Louis-Joseph, wanda ya rasu a 1789, uwarsu ɗaya, ƙila zuciyarsa ce. Gwajin ba ya rarrabe 'yan uwa ciki ɗaya, wannan gaskiya ne. Sai dai zuciyar wan an gyara ta da kayan ƙamshi bisa al'adar gidan sarauta, aka kai ta cocin Val-de-Grâce. Wadda aka gwada kuwa ba ta da alamar wannan gyara ko kaɗan. Barasa kawai ta sha ta ƙandare, daidai da bayanin Pelletan.