Babban suna ba ya cika tukunya

A ma'aikatu da dama, wanda a da ake kira falanto, ko mai tarbon baƙi, yau sunanshi "jami'in hulɗa da jama'a". Sunan ya girma, amma albashin da yawansu yana kusa da mafi ƙanƙantar albashi na ƙasa, jika 42 da aka tsaida a 2024.

Manomin da ya baro karkarar Agye ko Gidan Rumji, ko ya zo Gazawa, wadda ta zama gunduma a 2011, takardar haihuwar ɗanshi yake nema. Mai tarbo ne ke nuna mishi biron da zai shiga, ya fassara mishi Faransanci.

Ya kamata shugabannin ma'aikatu su horar da wannan ma'aikaci, su kyautata albashinshi, su kira aikinshi da sunan da talaka ke ganewa.