MANHAJAR MAKARANTUN MASU BUƘATA TA MUSAMMAN: A FARA DA ZUCIYA KAFIN ALLO

 

Ya 'yan'uwa masu karatu, hanyar da ta fita daga Ƙofar Kware a birnin Sakkwato ita ce ke kaiwa garin Kware, inda asibitin Gwamnatin Tarayya na masu lalurar ƙwaƙwalwa yake. A cikin birnin kuma akwai makarantar A. A. Raji, wadda ke karɓar makafi da kurame da masu naƙasa a gaɓɓansu. Mun saba ɗaukar waɗannan wurare biyu a matsayin abubuwa mabambanta, alhali kuwa suna da alaƙa, domin damuwar da ba a kula da ita ba a ƙuruciya takan girma tare da mai ita har ta zama cuta. Saboda haka ra'ayinmu shi ne, duk makarantar da aka kafa domin irin waɗannan yara wajibi ne a gina manhajarta a kan natsuwar zuciyar ɗalibi tukuna, sa'an nan karatu da rubutu da lissafi su biyo baya.

Bari mu fara da tambayar wane ne wannan ɗalibi. Yaro kurma yakan taso a gidan da kowa ke ji, ya shekara shida ko bakwai ba shi da harshen da zai ce yana jin tsoro ko an zalunce shi. Makaho yakan taso yana jin ana shirya masa bara tun bai san me ake nufi da ita ba. Ga kuma wani kashi da fitina ta haifar mana, wato yaran da suka gudo daga Sabon Birni da Isa da Goronyo da Rabah saboda 'yan bindiga. Harin kasuwar Goronyo na watan Oktoba 2021 ɗaya ne kawai daga cikin masifun da suka bar marayu a wannan yanki. Yaron da ya ga an kashe mahaifinsa ba zai riƙe jadawalin lissafi ba don kawai an ɗaga masa bulala. Firgici kan hana barci, ya hana mai da hankali, ya sa yaro ya zabura da ƙarar rufe ƙofa. Malamin da bai san haka ba sai ya kira shi daƙiƙi ko mai taurin kai.

Mun san wasu za su ce wannan magana ce ta Turawa, kuma hanya ce ta shagwaɓa yara. Amsarmu ita ce malamanmu sun riga su. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya rubuta littafinsa Masalihul Abdani wal Anfus, ya ware kashi guda domin lafiyar rai, inda ya yi bayanin fushi da tsoro da baƙin ciki da waswasi, har ya bambanta baƙin cikin da aka san dalilinsa da wanda ke zuwa ba tare da wani dalili bayyananne ba. Muhammad ɗan Sahnun na Ƙairawan, babban malamin Malikiyya da ya rasu a 870, ya rubuta Adabul Mu'allimina, ya sanya wa malami iyaka a kan horon ɗalibi. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya bayyana a Muƙaddimarsa cewa tsanantawa ga ɗalibi tana cutar da shi, tana gadar masa da kasala da ƙarya da yaudara. Kafin duk waɗannan, farkon Suratu Abasa ya sauka ne a kan sha'anin makaho mai neman ilimi, Abdullahi ɗan Ummi Maktum, Allah Ya yarda da shi. Wanda ya gaji wannan ba shi da uzurin cewa kula da zuciyar ɗalibi baƙon abu ne.

Mun kuma ga sakamakon akasin haka da idanunmu. A watan Satumba 2019 'yan sanda sun fito da mutane fiye da 300, manya da yara, daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da mari a ƙafa da tabon duka. A wata na gaba aka sake samun irin haka a Daura. Iyayen da suka kai 'ya'yansu irin waɗannan gidaje gyara suke nema, sai dai ba su sami makarantar da ta san yadda ake gyaran ba. Matuƙar ba a samar da ita ba, rufe gidajen mari kaɗai ba zai warware matsalar ba.

To, yaya manhajar za ta kasance? Muna ganin ginshiƙai biyar.

Na farko, harshe. Maganar hannu da ake koyarwa a makarantun kurame na Nijeriya ta samo asali ne daga ta Amurka, ta hannun Andrew Foster da ya fara buɗe makarantunsa a ƙasar nan a 1960. Amma kuramen ƙasar Hausa suna da tasu maganar hannu tun da daɗewa, wadda Constanze Schmaling ta yi nazarinta a Kano. Idan yaro ya koyi wata a makaranta, mahaifiyarsa ba ta san ta ba, kaɗaicinsa ƙaruwa yake yi a gida. Don haka shekarar farko ta zama ta gina harshe, a girmama maganar hannun gida, kuma a buɗe wa iyaye aji ko da sau ɗaya ne a mako. A cikin kalmomin farko da za a koyar a sanya tsoro, fushi, kewa, kunya da farin ciki.

Na biyu, tsarin yini. Yaron da ya firgita yana samun natsuwa ne idan ya san abin da zai biyo baya. A buɗe kowace safiya da ɗan zama na da'ira tare da malami guda wanda ba a yawan sauya shi, a gajarta darussa, a raba su da motsa jiki da aikin hannu, kuma a tanadi ɗaki mai shiru inda yaro zai huce ba tare da an ɗauke shi mai laifi ba.

Na uku, kada a mai da natsuwar zuciya wani darasi na minti arba'in da za a rubuta a allo a yi jarrabawarsa. A saƙa ta cikin kowane darasi. Malamin Hausa zai iya amfani da tatsuniya ya tambayi yara abin da marainiya ta ji a ranta. Malamin tarihi ya ba su labarin makafin da suka zama malamai da limamai. Malamin sana'a ya sa su aiki bibbiyu, kurma da mai ji, domin su saba da dogaro da juna.

Na huɗu, ma'auni. Manhajar ilimin tushe ta shekara tara da ake bi a ƙasa baki ɗaya an tsara ta ne da tunanin yaro mai gani da ji. Ba mu ce a yar da ita ba, domin waɗannan yara suna da haƙƙin samun takardar shaida kamar kowa. Abin da muke kira gare shi shi ne kowane ɗalibi ya sami nasa tsarin, mai maƙasudai kaɗan da za a duba kowane zango: ya fara barci? ya yi aboki? yana iya neman taimako? A rubuta waɗannan kusa da makin Turanci da lissafi.

Na biyar, malami da likita. Ya kamata cibiyoyin horar da malamai na jihar, da sashen ilimi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, su koya wa kowane ɗalibin malanta alamomin firgici da baƙin ciki a jikin yaro. Ya kamata kuma a yi yarjejeniya da asibitin Kware, ma'aikatansa su riƙa ziyartar makarantu, domin malami ya san iyakarsa ya miƙa abin da ya fi ƙarfinsa.

Za a ce ina kuɗin? Gaskiya ne akwai ƙarancin malamai da kayan aiki, amma mafi yawan abin da muka lissafa sauyin tsari ne da hali, ba gini ba. Doka ma tana tare da mu: an sa hannu a dokar hana nuna bambanci ga masu naƙasa a watan Janairu 2019, aka kuma sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairu 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Saura aiwatarwa, ita kuwa ba ta zuwa sai an matsa.

Saboda haka muna kira ga Ma'aikatar Ilimi ta Jihar Sakkwato da ta zaunar da malaman waɗannan makarantu da likitoci da iyaye da ƙungiyoyin masu naƙasa su duba manhajar tare. Muna kira ga mawadata su ɗauki nauyin injin rubutun makafi da albashin masu fassarar maganar hannu. Mu kuma mazauna unguwanni, daga Ƙofar Kware har Ƙofar Rini, kowa ya duba gidansa da na maƙwabcinsa: idan akwai yaron da aka ɓoye saboda kunya, a kai shi makaranta a wannan zango.

Allah Ya ba mu ikon sauke amanar waɗannan yara, Ya kawo mana ƙarshen fitinar da ta raba su da iyayensu. Amin.