Fiyano a Kan Titin Ibrahim Taiwo: Wa Ke Kashe Kayan Kiɗanmu?

Babu kukan da ya fi yawa a bakin samarin da ke cin abinci da fiyano a birnin Kano kamar cewa kayan yanzu ba su da ƙwari. Za ka ji makaɗi yana rantsuwa cewa fiyanon da maigidansa ya koya masa kiɗa da shi ya shekara goma sha ba a taɓa kwance shi ba, amma nasa, wanda ya tara kuɗinsa da gumin goshi, ko shekara bai rufa ba maɓalli uku sun yi shiru, gilashin da ke nuna rubutu kuma ya dushe. Daga nan sai a tsine wa kamfani, a tsine wa ɗan kasuwa, a watse. A ganina wannan kuka rabinsa gaskiya ne. Wanda kuwa yake son ganin ɗaya rabin, to, ya je ya tsaya a bakin Titin Ibrahim Taiwo da la'asar ranar Juma'a ko Asabar, lokacin da ake kai kayan kiɗa wuraren biki.

Wannan titi, da aka sa wa sunan Kanar Ibrahim Taiwo, gwamnan soja na Jihar Kwara wanda aka kashe ranar 13 ga Fabrairu, 1976, rana ɗaya da Janar Murtala Muhammed, shi ne ya ratsa Fagge ta gefen Kantin Kwari. Wanda ya sayo fiyano ko ya yi hayarsa a Sabon Gari, yana nufin cikin gari ko wata sutudiyo a Titin Gidan Zu, sau da yawa ta nan zai bi. Titi ne na diloli. An saba a kansa da atamfa da shadda, kayan da ko an jefo su daga saman mota ba abin da zai same su, kuma ɗan dakon da ya yini yana sauke dila ba shi da dalilin da zai sa ya san cewa abin da aka miƙo masa a cikin tsohon zane ya sha bamban. Tun da gwamnati ta hana acaɓa a Kano a watan Janairun 2013, adaidaita sahu ce ta zama motar makaɗa. Fiyano mai maɓalli 61 tsawonsa ya kusa mita guda. Sai ka ga yaro ya ɗora shi a cinya, kansa guda ya leƙo waje yana jiran madubin wata mota; ko kuwa an jingina shi a tsaye a bayan kujera, an danne da lasifika, an ɗora janareta a gefe. Kowane rami, kowane burki, a jikinsa yake ƙarewa.

Domin mu yi adalci, ya kamata mu san abin da ke cikin wannan akwati na roba. Ƙarƙashin kowane maɓalli akwai wata 'yar roba mai laushi, da baƙin ɗigo a gindinta, wanda ke taɓa allon wayoyi idan an danna. A irin fiyanon da ke jin nauyin hannu, ɗigon biyu ne, ɗaya na riga ɗaya taɓawa, kuma da tazarar lokacin da ke tsakaninsu ne na'urar ke gane ko makaɗi ya danna a hankali ko da ƙarfi. Idan ƙura ta kwanta a kan ɗaya daga cikinsu, sai maɓallin ya yi shiru, ko kuwa ya riƙa tsawa iyakar ƙarfinsa ko da shafa shi aka yi. Jijjiga kuma tana tsattsage dalmar da aka liƙa wayoyi da ita, musamman a bakin ramin da ake soka wayar wuta, wanda shi ne ya fi shan wahala idan an ɗauki fiyano ba a zare wayar ba. Zafi yana lanƙwasa roba, ya ɓata gilashi. Su kansu kamfanonin ba su ɓoye wannan ba: a 'yan shafukan farko na littafin da ke zuwa da fiyanon Yamaha akwai gargaɗi a kan ƙura mai yawa, da jijjiga, da barin kaya a rana ko cikin mota da tsakar rana. To, jama'a, a duba mana. Ƙura, jijjiga, zafi. Ai kamar wanda ya rubuta gargaɗin nan ya taɓa shiga adaidaita sahu daga Bata zuwa Kwari a watan Janairu, lokacin da hazo ya rufe gari, sa'an nan ya dawo a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40.

Watau an ƙera abin nan ne domin ya zauna a ɗaki, mu kuwa mun mai da shi matafiyi.

Ba yau muka fara ba. Kamar yadda binciken Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya nuna, a tsakiyar shekarun 1990 ne fiyanon Yamaha samfurin PSR ya sami gindin zama a sutudiyoyin Kano, irin su ta Iyan-Tama, kuma da waƙar fim ɗin Sangaya ta game gari, sai sautinsa ya zama shi ne sautin finafinan Hausa. Daga nan ya bazu zuwa waƙoƙin siyasa, da na biki, da na sha'irai, ban da majami'un Sabon Gari da suka daɗe suna amfani da shi. Kusan shekara talatin ke nan. Sai dai mun karɓi kiɗan, ba mu karɓi ladabin riƙon kayan ba. Makaɗan da suka gabata ba su da wannan matsala. Kalangun da ake yi wa Mamman Shata kiɗa da shi itace ne da fata, kuntigin Ɗan Maraya Jos kuwa ana iya sa shi a aljihun babbar riga. Idan fatar kalangu ta fashe, makaɗi da kansa zai sake ta kafin gobe, da abin da ke kasuwar garinsu. Mai fiyano kuwa, idan fanel ya tsage, sai ya jira a samo wani mataccen irinsa a ciro masa.

Yanzu bari mu koma ga rabin da na ce gaskiya ne. Lalle ƙananan fiyanonin da suka fi yawa a hannun samarinmu roba ce zalla, nauyinsu bai wuce kilo huɗu zuwa biyar ba, an yi su ne domin yaro mai koyo a gidan ubansa. Manyan da aka yi domin aiki sun ninka wannan nauyi, kuɗinsu ya ninka fiye da haka, kuma tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 suka ƙara yin nisa da talaka. Saboda haka da yawa sai gwanjo. Fiyanon gwanjo ya riga ya ci rabin rayuwarsa a wata ƙasa, ya kwana cikin kwantena a teku, ya hau tirela daga Legas, kuma babu wanda zai gaya maka sau nawa ya faɗi kafin ya iso. Wani ma da adaftar ƙasarsa yake zuwa. Wutar Japan bolt 100 ce, ta Amurka 120, tamu kuwa 230, ban da hawa da saukar da take yi da kuma haukan ƙaramin janareta. A soka, hayaƙi ya tashi, a ce kayan yanzu ba ƙwari. Ga kuma na jabu, masu sunayen da suka yi kama da na manyan kamfanoni. A nan Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, watau SON, wadda aka kafa tun 1971, tana da aikin yi, kuma mai saye yana da haƙƙin ya nemi rasit mai ɗauke da lambar jikin kayan da rubutaccen garanti. Ɗan kasuwar da ya ƙi rubutawa ya riga ya gaya maka ra'ayinsa game da kayansa.

Amma ko da SON ta yi aikinta, ko da naira ta farfaɗo, titi yana nan, hazo kuma zai dawo baɗi. Abin da ke hannunmu shi ne akwati, kuma a nan ne abin yake ba ni takaici ƙwarai. Mu ne fa mutanen da ba su yarda takobi ya fita ba kube, ko littafi ya yi tafiya ba gafaka ba. Dukawan Kano sun yi suna tun zamanin fatake, har fatar da suka jeme ta ƙetare Sahara Turawa suka riƙa kiran ta fatar Maroko. Har gobe a Kasuwar Kurmi da Ƙofar Wambai akwai masu ɗinka jaka, ga kafintoci a kowace unguwa, ga masu sayar da soso. Me zai hana a auna fiyano, a yi masa akwatin katako mara nauyi, a shimfiɗa soso mai kauri ciki, a bar sarari a saman maɓallai yadda murfi ba zai danne su ba, a ƙarfafa kusurwoyi huɗu da ƙarfe, a ware wa adafta aljihunta dabam don kada ta riƙa yawo tana dukan gilashi? Wannan ba ya bukatar injiniya daga Hamamatsu. (Ko shi Torakusu Yamaha, wanda ya kafa kamfanin a wancan gari, da gyaran wata molon iska ta makaranta ya fara a 1887; mai gyara ne kafin ya zama mai ƙira.) Jakar yadi mai zif da ake bayarwa kyauta tana tare ƙura, amma ba ta tare duka, kwalin da aka sayo kayan a ciki kuwa damina ɗaya ce ajalinsa.

Na san abin da za a ce: akwati kuɗi ne, kuma nauyi ne, har mai adaidaita zai ƙara kuɗin mota. Haka ne. Sai dai a kwatanta da abin da ke faruwa idan babu shi. Mafi yawan fiyanonin da ke yawo a kan titin nan na haya ne ko na aro, kuma wanda ke rungume da su yaron sutudiyo ne da ba a biyansa abin kirki. Ranar da aka buɗe a wurin biki aka tarar maɓalli ya karye, mai kaya zai ce lafiya lau ya bayar, mai haya zai ce haka ya karɓa, ƙarshenta a kan yaron nan za a sauke, a riƙe ɗan abin da yake samu na wata da watanni, wani lokaci har da zuwa ofishin 'yan sanda. Wanda ya fi kowa rauni shi ke biyan kuɗin akwatin da ba a saya ba.

Mu ɗalibai ba 'yan kallo ba ne a wannan magana, domin ƙungiyoyinmu na cikin manyan masu hayar kayan kiɗa, ko a makon al'adu ko a bikin yaye 'yan ajin ƙarshe, kuma da kuɗin da aka karɓa daga aljihunmu ake biyan diyya idan an yi ɓarna. Kamata ya yi kowace ƙungiya ta sa wa kanta doka cewa ba za ta karɓi fiyanon haya ba sai a cikin akwati. Kafin a ɗauka, a kunna shi a gaban mai shi, a danna maɓallan nan ɗaya bayan ɗaya, farare 36 da baƙaƙe 25, a hankali sa'an nan da ƙarfi. Abin da bai fi minti uku ba. A rubuta abin da aka gani, kowa ya sa hannu, a maimaita haka ranar mayarwa. A kwantar da shi a mota, fuskarsa sama, kada a ɗora masa komai, kada kuma a bar shi a but ana jiran baƙi su iso. 'Yan'uwanmu da suka fara aikin gwamnati, waɗanda ake ba su sayen kayan kiɗa domin makarantu da gidajen rediyo, su ma su sa akwati da sitabilaiza a cikin takardar kwangila tun farko. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Su kuma masu shaguna a Sabon Gari, da wani cikinsu zai haɗa kai da kafinta guda da baduku guda ya riƙa sayar da fiyano da akwatinsa, da ya rage wa kansa rigimar masu dawo da kaya bayan sati biyu. Ma'aunin ma ba shi da yawa: yawancin abin da ke kasuwa mai maɓalli 61 ne, sai kaɗan masu 76, don haka ƙira biyu ko uku sun isa a fara da su.